Guntun Rawanin Baba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Maruru ya fito wa Hajja, mahaifiyata, a ƙasan wuya, ta baya. Da safe na gani, ina gasa mata jiki da guntun rawanin Baba. Tun da ya rasu ba ta yarda wani tsumma ya taɓa ta sai shi. Ta ce zafin sabuwar gyaɗa ne, kowace kaka sai ya taɓa wani. To amma mai ciwon suga ce, ga shekara saba'in. Shekara uku ke nan da dawowata gida Gafasa, ni ce wanka, ni ce gashi, ni ce auna tuwo. Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi a hannuna ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ja'afar! Ƙanina ne, amma yau da muciya na kusa da ya ji a jikinsa. Ina gona wajen tsinkar gyaɗa ya kwaso Mala wanzami, suka tsaga abin da ko nuna bai yi ba, suka matse. Na tarar da ita tana hawaye ba sauti. Na wanke shi tas a tsakar gida, maƙwabta har da leƙe ta katanga. Wai tun kakanni haka ake yi. Na ce kakanni suga gare su? Na ce in wani abu ya sami uwarmu, shi ne, kuma kowa ya shaida.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Nawa marurun na hammata ya fashe da kansa. Na uku ke nan tun damina. Kamar kullum, kafin in shiga wajen Hajja na tsoma tsumman a ruwan zafinta na ɗan danna wa kaina. Ba wanda ya sani. Wace babbar mace ce za ta ɗaga hannu tana nuna hammata?

Asabar, 12 ga Oktoba
Zazzaɓi. Ko kunu Hajja ta ƙi sha. Wurin ya yi suntum, ya yi tauri, sai raɗaɗi.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Wasu biyu sun fito, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Askar Mala ba ta je can ba. Na rubuta wannan na daɗe ina kallonsa.
Tsoro nake ji.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ja'afar ya samo a-daidaita muka kai ta asibitin Ajingi, suka ce mu wuce na Gaya. Duk hanya kanta na kan cinyata, jikin kamar garwashi. Shi yana gaba, bai juyo ba, ni ma ban tanka masa ba.
An ba ta gado. Suga ya hau. Sun buɗe wurin sun wanke, sun sa allura da ƙarin ruwa. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu, da ciwon ya shiga jini. Na kalli Ja'afar don ya ji da kyau. Ya sunkuyar da kai, har na ga yana goge ido da hularsa.

Talata, 15 ga Oktoba
Nas ɗin da ke wanke ciwon, Naja'atu, ƙaramar yarinya ce amma ba ta da wasa. Ta ce ba a matse maruru, ba a tsaga shi a gida. A gasa da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, in ya fashe a rufe, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓawa. Kowa da sosonsa, kowa da sabulunsa da tawul ɗinsa. Ina ta gyaɗa kai, duk don Ja'afar ya ji. Sai ta juyo.
"Yaya Barira, akwai wani mai maruru a gidan?"
Na ce babu.
"Da me kike mata gashi?"
Na ce tsumma ne, nata ne ita kaɗai.
Ta dube ni. Ta ce dai in ba a gano inda yake fitowa ba, ko an sallame mu sai ya dawo, kuma jikin Hajja ba zai ɗauki na biyu ba.
Ƙarya biyu a numfashi ɗaya. Astagfirullah.

Laraba, 16 ga Oktoba
Zazzaɓin ya ɗan sauka. Hajja ta ce in gasa mata ƙafa, ta tambayi rawanin Baba. Yana cikin jakata. Na sa hannu na taɓa shi, na kasa fito da shi. Na ce na manto.
Hammatata ta soma wani sabo.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bi Naja'atu ɗakinsu na ɗaga hannu. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta wanke ta rufe, likita ya rubuta magani, ni ma aka auna min suga, lafiya lau. Ta ce zannuwa da shimfiɗar Hajja duk a tafasa a shanya a rana, soso a sake sabo. Rawanin kuma ya tsufa, a haƙura da shi.
Na gaya wa Hajja. Sai ta ce:
"Ai tun damina nake ganin kina maƙale hannu. Na ƙi magana ne kada ki ce na raina wankanki."
Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Laraba, 23 ga Oktoba
Mun dawo gida jiya. Ciwon yana kamewa. Igiya cike da shanya, sabulu biyu a kwano biyu. Rawanin Hajja da kanta ta ce a binne shi gindin darbejiya.
Ja'afar har yanzu a zaure yake tsayawa, ya gaida ta daga nesa. Maƙwabta sun ji abin da na ce masa a tsakar gida, ba su ji abin da aka gano a Gaya ba.
Yau na leƙa na ce ya shigo ya riƙe min buta in wanke hannu. Ba don komai ba, butar ce da nauyi. Na jira sai da Indo maƙwabciya ta shigo aron turmi, sannan na ce, "Ja'afaru, ba askar wanzaminka ce ta kawo wa Hajja ciwon ba."
Ya ci gaba da zuba min ruwa har butar ta ƙare.