Ka Juya Mini Baya

Lipovec, Morabiya

Ɗana Bohumil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maƙogwaronka. Yaya sanyin Hamburg? Ni dai ƙafar ce, sai a hankali.

Ban iya rubutu mai daɗi ba, ka karanta haka. Tun da ka fara waƙar opera a gidajen wasa, Biyana ce, Milan ce, ko ina za ka, sai na raka ka tashar jirgin ƙasa ta Brno, na yi maka tofin sa'a sau uku a kafaɗa, na ɗan doki ɗuwawunka da gwiwa, ka wuce ba ka ce uffan ba. Ku masu wasan kuka koya mini cewa ba a godiya, godiya tana kore sa'a. To ranar Talata kana can kana fama da akwati, ka ce mini na gode Baba. Kafin in buɗe baki jirgi ya tashi.

Kuma yanzu matarka ta ce a sabon wasan za a buɗe rami a dandamali, ka nutse ciki da wuta. Mutum mai nauyinka! Ka dawo a sake tofin.

Babanka,
Vendelin

Ɗana Bohumil,

Ina sake gaishe ka, da fatan lafiya.

Katin da ka aiko ya iso. Wai in daina camfi, injin ramin na Jamusawa ne, ba ya kuskure. Haka ka yi mini dariya lokacin da na hana ka aski ranar wasa. Wannan ƙatuwar muryar da suke tafa wa, a ƙirjina ka same ta, amma ni ne jahili.

Kvapil mai gidan giya ya ce ai zan iya tofin ta waya. Na ce masa gwiwar fa, sakarai?

Kullum na rufe ido sai in ga ramin nan a buɗe. Ban taɓa wuce Brno ba, ba na jin Jamusanci, kuma an ce sai na canja jirgi a Berlin. Na bar wa Kvapil zomayena.

Zan iso Juma'a, kafin a ɗaga labule. Ba na son kujera, ba zan kalli ramin ba. Ka fito ƙofar bayan gidan wasan, ka juya mini baya, kuma wannan karon ka rufe bakinka.

Babanka,
Vendelin