Yaran da Ke Manta Tafiya

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da muke kai yaranmu a nan Jos.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Ni mai fataucin shanu ne, mazaunin Nasarawa Gwom, asalina wata ruga ce a bayan Vom. Na yi ta zarya ofishinka har masinja ya gane tarina, kullum sai a ce kana mitin. Shi ya sa na biyo ta jarida. Na binne 'ya'ya biyu, kuma ina jin tsoron na ukun ya kama hanyarsu.

Na farko, ga abin da ya faru. Maiɗakina Hadiza 'yar baffana ce, auren zumunci irin na iyaye da kakanni. Da aka yaye ɗanmu na fari, mahaifiyata ta ɗauke shi riƙo can ruga. Yaro ya yi tafiya, ya fara magana, yana bin maruƙa da 'yar sandarsa. Da ya shige shekara biyu sai ya soma tuntuɓe inda babu abin tuntuɓe. Ƙafafu suka ƙage, magana ta ɗauke, ido ya daina bin fitila, daga ƙarshe ko madara ba ya iya haɗiyewa. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Bai kai shekara biyar ba.

Na biyu, kuma nan ne kukana da ku yake. Da ƙanwarsa Ramatu ta fara irin wannan faɗuwar, na ce wannan karon asibiti za a. Tafiya ta kama ni zuwa Kurmi da shanu, sai mahaifiyata ta raka Hadiza. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, nas ce ke masa tafinta. Ya tambaya ko wani ɗanta ya taɓa yin haka. Ranka ya daɗe, a wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zancensa, balle wanda ya rasu, balle a gaban surukarta. Hadiza ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Tsohuwa kuwa a hannunta yaron ya cika, bakinta ya yi mata nauyi. Nas ta leƙa layin da ke waje, ta ce, "Oga dokta, ta ce babu." Shi ke nan, aka ce shan-inna ne, aka ba da maganin ƙarin jini, aka ce a riƙa gasa ƙafa. Haka Hadiza ta yi ta gashi da ruwan ɗumi safe da yamma cikin sanyin garin nan, yarinya kuwa kullum baya take yi.

Ramatu na gab da rasuwa wata likita Bayarabiya ta duba ta. Ita ce ta fitar da kowa, ta tambaye ni mene ne tsakanina da matata, kuma wa ya riga wannan yarinyar. Ta ce ga dukkan alamu ciwon gado ne na jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Uwa na ɗauke da shi a ɓoye, uba na ɗauke da shi a ɓoye, su lafiyarsu ƙalau, sai ya haɗu a jikin yaro yake nunawa. Ba kowane ɗa yake kamawa ba, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ta san masa magani ba. Ta ce auren dangi na kusa ya fi haɗa shi. Ba a jima ba aka yi mata canjin wurin aiki, maganar ta tafi tare da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in na kai maraƙi mai faɗuwa wurin likitocin dabbobi, kafin su taɓa shi sai sun ji wane bijimi ne ubansa, da yadda 'yan uwansa suka ƙare. Ɗan saniya ake bin asalinsa, 'yata kuwa an sallame ta kafin shayin likita ya huce.

Ban ce ku kuka kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara. Amma da an faɗa mana tun wuri, da ba a yi ta nuna Hadiza da baki ana cewa ita ke cinye 'ya'yanta ba. Yanzu haka ana nan ana ɗaura irin aurenmu a dangi, ba wanda ya san akwai abin dubawa. A rugar da ke kusa da tamu kuma an fara yi wa wani yaron turare.

Don haka ina roƙo. Ku gaya wa ma'aikatanku shirun mace ba "babu" ba ne. A fitar da suruka, a samo mace mai jin harshenta, a tambaye ta a hankali, ko a aika a kira uban. Ku faɗi alamun ciwon nan a rediyo da Hausa da Fillanci, yanzu da ake ta shirin mulkin farar hula kowa na neman abin faɗa. Ban ce a hana auren zumunci ba, a dai sanar da mutane, su yi shawara ido buɗe.

Ni ma ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba, har na sa shi a ƙasa. Sunansa Umaru. Ku rubuta shi kusa da na Ramatu, kada wani likita ya sake cewa babu.

Roƙona na ƙarshe na autanmu Sa'idu ne, wanda ya kusa shekara biyu. Ina son a duba shi da idon wanda ya san labarin yayyensa, a faɗa mini gaskiya ko mai ɗaci ce. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya barin kaji su sha ruwa. Jiya da hantsi ya faɗi a tsakar gida, wurin da aka share tas, babu ko tsakuwa. Ya tashi yana dariya, ya taka, ƙafar hagu ta ja ƙasa. Uwarsa ta juya ta ci gaba da wanke-wanke kamar ba ta gani ba, amma da la'asar na tarar ta ɗora ruwan gashin ƙafa.

Allah ya yi maka jagora, ya raba gidanka da abin da muka gani. Allah ya sa wasiƙar nan ta iske ka Sa'idu yana kan ƙafarsa.

Wassalam.

Naka,
Baban Sa'idu,
Nasarawa Gwom, Jos.