Takabar Mai Rai

Asabar, 4 ga Rajab 1446

Mutanen Marwan sun zo daga unguwar Rusaifa ta nan Makka neman auren 'yata Raihana. Babansa Malam Ma'aruf mutumin kirki ne, bai tsaya tambayar iƙama, takardar izinin zama, ba. Abu ɗaya ya tambaya: ina uban yarinya, wa zai wakilta? Na ce yana Kanada yana ɗinki, zan kira shi. Wallahi da na faɗi haka bakina ɗaci yake.

Talata, 7 ga Rajab

Na kira Baban Raihana. Tun bayan aikin da likitocin can suka yi masa ba na yarda ya buɗe hoto, murya kawai, ita ma muryar ta sirance. Shekara biyu ke nan na san mijina ya koma mace ina ta haɗiyewa, ina soya wainata a unguwarmu Mansur kamar ba komai. Na ɗauka iya jarrabawar ke nan.

Ashe da saura. Ya ce Iyatu, akwai abin da ban gaya miki ba. Wai ya daɗe yana karatu wurin wani malamin Yahudawa, ƙarshen watan nan zai shiga addininsu. Malamai uku za su zauna su yi masa tambayoyi, sannan ya nutsa a ruwa, ya fito da sabon suna. Hannatu.

Na ajiye wayar a kan buhun shinkafa. Ban yi kuka ba, na je na wanke tanda.

Laraba, 8 ga Rajab

Ban fita sana'a ba. Ƙullun ya yi tsami, na zubar.

Juma'a, 10 ga Rajab

Shi ya kira. Ni fa waliyyin 'yata nake nema, shi kuma yana karanta mini sharuɗɗan mutanensa. Wai malamansu ma ba su daidaita a kan irinsa ba. Masu tsanani sun ce namiji ne har gobe, ba su ma karɓe shi ba. Waɗanda suka karɓe shi mace suka ɗauke shi. Kan aure kuwa, wasu sun ce in miji ya koma mace igiya ta tsinke da kanta, wasu sun ce a'a, sai an saki matar. Na ce to ni wace ce a cikin lissafin nan, matar aure ko bazawara? Ya ce malaminsa ya ce ba zai kai shi ruwan ba sai ya sallame ni, bai halatta a bar mace a rataye ba.

Ka ji, Bayahude a wata duniya ya fi mijina tunawa da ni.

Ya ce na sake ki, Iyatu, saki ɗaya. Da wannan siririyar muryar. Ban ma san ko ya saku ba, kuma wa zan tambaya?

Lahadi, 12 ga Rajab

Na je Harami bayan La'asar, na tsaya wurin masu ba da fatawa ta waya. Na ce wata maƙwabciyata ce. Malamin bai ja ba: mace ba ta waliccin aure, wanda ya bar Musulunci ma haka, a nemi baffan yarinya. Na ce in an ɓoye fa, ya wakilta ta waya ba wanda ya sani? Ya ce ki ji tsoron Allah, ya ajiye.

A can kuma, Baban Raihana da bakinsa ya gaya mini, wanda ya shiga addininsu kamar jariri ne sabuwar haihuwa, ana kiransa ɗan Ibrahim da Saratu, dangin da ba sa cikin lissafi. Wai amma haƙƙin 'ya yana wuyansa, malaminsa ya jaddada. To mene ne amfanin? Nan an ce ba waliyyinta ba ne, can an ce sabo ne fil. Yarinya da ubanta a raye, ba shari'ar da ta bar mata shi.

Alhamis, 16 ga Rajab

Baffa ɗaya ne, Yaya Abdulwasi'u na Ka'akiyya, wan Baban Raihana uwa ɗaya uba ɗaya. Sau biyu ina hawa mota ina sauka kafin a tashi. Ina zan fara? In ce ƙaninka Sabitu... ko rubutawa na kasa.

Lahadi, 19 ga Rajab

Na faɗa wa Yaya. Duka. Sai ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Sabitu ya rasu. Na ce Yaya, da ransa fa. Ya ce na ce miki ya rasu. Gobe zai sanar, ciwon zuciya, an binne shi a can. Shi zai ba da auren. In kuwa na buɗe baki, to in nemi wani waliyyin, kuma in tabbata Ma'aruf ba zai haɗa jini da wannan labari ba, ba kuma wanda zai sake taka ƙofarmu daga Mansur har Kano.

Na so in ce ƙarya ce, haramun ce. Na tuna yadda Raihana ke gyara mayafi in ta ji sallamar Marwan. Na ce to, Yaya.

Talata, 21 ga Rajab

Gida cike da 'yan gaisuwa. An kwance mini 'yan kunne, an ba ni baƙin zane. Ni ce mai takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare ba fita, kan mutumin da jiya ma ya turo saƙo yana tambayar yaya aka yi. Kabira maƙwabciyata ta rungume ni tana kuka da gaske, tana cewa shi ya ɗinka mata kayan sunan ɗanta bai karɓi ko riyal ba. Ni ma sai kukan ya zo, kuma nawa ma ba na ƙarya ba ne.

Raihana ko ɗigon hawaye. Mata har sun fara gulma wai 'yan Makka zuciyarsu dutse ce.

Laraba, 22 ga Rajab

Na shiga ɗaki in lallashe ta. Ta ce Yumma, haka take kirana, halas, ya isa, na sani. Ashe ita suna magana da hoto tun bara, ta ga fuskar da ni na ƙi gani. Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ba? Ta ce ke me ya sa?

Asabar, 25 ga Rajab

Marwan ya zo da kai a aske. Umara ya yi wa surukinsa marigayi, ya ce Allah ya kai ladan kabarinsa. Yaron nan har da kawo mini zamzam. Na ce amin. Raihana ta tashi ta shige banɗaki.

Allah ka gani. Ni ban san ta inda zan warware wannan ba.

Alhamis, 30 ga Rajab

Na gaya wa Sabitu an sanar ya mutu. Ya ce an yi mini addu'a? Na ce har umara. Sai ya fashe da kuka. Ya shiga ruwan shekaranjiya. Ya ce ya san ko da an ba shi biza ba zai ƙara wuce shingen shiga Makka ba, ko kabarin Innarsa ba zai gani ba. Na ce kai ka zaɓa. Ya ce wani na zaɓa, wani ban zaɓa ba. Na ji haushinsa kamar in fasa wayar, na kuma ji tausayinsa, abin ya ishe ni.

Litinin, 4 ga Sha'aban

An tsai da magana. Za a ɗaura kafin azumi, a nan falonmu, ba biki, tarewa sai na fita takaba. Yaya ya sa Asabar mai zuwa ta sama, bayan La'asar, don kowa na hutu.

Na tura wa Sabitu ranar, don dai ya sani. Ya amsa wai Asabar ba ya taɓa waya, daga faɗuwar ranar Juma'a har dare ya yi washegari, haka dokarsu take. Bai roƙi komai ba. Ya ce Allah ya sanya alheri.

Ruwansa. Matacce ina ruwansa da rana.

Alhamis, 14 ga Sha'aban

An ɗaura. Yaya ya bayar, Malam Ma'aruf ya karɓa wa ɗansa, liman ya yi addu'a har da ta marigayi uban amarya.

Yau aka yi, ba jibi ba. Ni na aika wa Yaya cewa a dawo da shi Alhamis, na ce ranar aka ɗaura nawa, ina so ta gaje ni. Ya yi mita amma ya yarda. Ba don kowa na yi ba, Alhamis rana ce mai kyau.

Ina zaune bayan labule cikin baƙin zanena, wayar na kan cinyata ƙarƙashin mayafi. A kunne take, kan layin Kanada, ban san ya aka yi ba. Da aka shafa fatiha na ji wani ɗan sauti daga cikinta, kamar mutum ya toshe baki da hannu. Kabira ta waiwayo, sai na yi tari na rufe.

Ban kashe ba sai da maza suka watse.