Turaren Ya Kellu a Garin da Babu Hanci

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Haisam ya zo daga Gashuwa da rana, ko ruwan da na ba shi bai shanye ba ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, dab da tiren itacen sandal ɗin da na shanya. Ƙanena ne ciki ɗaya, amma wani lokacin in yana magana ji nake kamar rediyo ya kamo tashar wata ƙasa. Wai akwai wani gari a cikin intanet, da tituna da shaguna da gidaje, kowa yana shiga da 'yar tsana a madadin kansa. Wai Sabuwa mawaƙiya, wadda ba a gama biki a Nguru ba a sa waƙarta ba, tana da gida a can. Ta yi shela tana neman sana'ar da za ta ɗora wa sunanta, mai so ya zo falonta na can ya tallata hajarsa. Shi kuma gogan naka ya riga ya ba da sunana, ko shawara babu.

Na ce a wace jiha garin yake? Ya ce, "Yaya, ba ya ko'ina." Na ce to ta ina ake hawa mota? Ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ni ban ga abin dariya ba. Turaren wutan da nake yi haɗin mahaifiyarmu ne, sunanta ne a jikin kowace kwalba: Turaren Ya Kellu. Tun da ta rasu ban canja ko harafi ba. In Sabuwa ta ɗora nata sunan, na Ya Kellu a ina zai zauna?

Litinin, 7 ga Yuli

Baban Uwais ya ce in je mana, ko ba komai in ga garin da ba a biyan kuɗin mota. Mijin nan nawa komai wasa ne a wurinsa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Amaryar gidan Alhaji Mudi ba ta sayi turare a wurina ba. Uwarta a hannun Ya Kellu ta saya, yayyenta a hannuna. Ita kuwa ta waya ta yi oda daga wata yarinya mai yawan bidiyo. Na shinshina da na je ganin ɗaki: sukari ne da turaren fesawa, ko kajiji babu. Na yi musu Allah ya sanya alheri na dawo raina a ɓace. Ba ita ce ta farko ba a bana.

Na kira Haisam na ce zan zo.

Lahadi, 13 ga Yuli

Gashuwa. Shagonsa na gyaran waya yana hanyar jami'a, ɗalibai na shiga suna fita. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya sa mini abin ji a kunne, ya ce ga ni can.

Na duba. Wata siririya ce tsaye a bakin titi, kai ba ɗankwali, kamar wadda ta fito daga gobara. Na ce wallahi ba ni ba ce, kuma ba za ta taka ko'ina da sunana a haka ba. Sai da ya saya mata mayafi. Saya fa! Mayafin da ba ya tare rana.

Tafiya ta gagare ni. In na danna gaba ta yi hagu, in na ce tsaya ta rungumi bango. Wani ya wuce yana tashi sama, ba wanda ya ko kalle shi. A ƙofar gidan Sabuwa na tarar da wani ƙato cikin baƙar riga, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya. Haisam ya ce ba mutum ba ne, ado ne. Na ce wancan da ke zaune fa? Ya ce wannan mutum ne, daga Jidda yake. To ta yaya ake ganewa? Ya ce a hankali zan gane. Da ɗan gari akan ci gari, na yarda, amma ɗan garin nan nawa ba ya bayani.

Sannan ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini abin da ya ɗau watanni yana ginawa. Kasko ne, irin namu na ƙasa, da garwashi ja, da hayaƙi yana tashi. Ya ce da shi za mu nuna wa Sabuwa turaren. Na kai fuskata jikin gilashin. Ba komai, sai warin ƙarfen da ake liƙa waya da shi.

Na ce ƙamshin fa? Ya ce, "Yaya, nan garin babu hanci."

Duk hanyar dawowa ina kallon shinkafa a fadama ina juya maganar. Mai turare za ta je talla inda babu hanci. Ko dai ni ce ban gane ba, ko dai duniya ce ta zare.

Laraba, 16 ga Yuli

Na samo dabara, kuma ba tawa ba ce. Ya Kellu ba ta taɓa sayar wa mace turare ba sai ta zaunar da ita, ta karɓi mayafinta ta ɗora a kabbasa, kwandon da ake kifawa a kan kasko, ya sha hayaƙi. Takan ce ciniki a hanci yake, baki rakiya ya yi.

Na haɗa kwalba ɗaya ta musamman, na sa hawi da farcen turare ban yi rowa ba, na haɗa da sabon kasko, na ba direban Kano ya kai ofishin Sabuwa. Na yi mata saƙon murya ta lambar yaronta Usama: ranar zama ta kunna a ɗakinta, ni ma in kunna a nawa, sai mu haɗu a garin nasu kowa da hancinsa a gida. Da na faɗa wa Haisam sai ya ce, "Kin san wannan ba laifi." Daga bakinsa wannan babbar lambar yabo ce.

Talata, 22 ga Yuli

Ina ta haddace abin da zan faɗa, ina tuƙa tuwo ina maimaitawa. Komai za ta iya ɗauka, ta sa hotonta, ta canja kwalba, amma sunan Ya Kellu ba ya fita. In an ƙi, a fasa.

Haisam ya ce kar in fara da wannan. Zan ga.

Asabar, 26 ga Yuli

An yi. Ban san me aka yi ba, amma an yi.

Na kunna kaskona a shagon Haisam, ɗalibai suka cika ƙofa suna tambaya ko biki ake. A falon Sabuwa kuwa layi muka tarar. Mai kilishi a gabana, da wata mai takalma da ta zo da kan kyanwa a madadin kan mutum. Ba wanda ya ce mata komai, ni ma na ja bakina.

Da aka kira mu na shiga ban bugi ƙofa ba, Allah ya rufa asiri. 'Yar tsanar Sabuwa tana zaune cikin leshi mai walƙiya. Na ce wushe, irin gaisuwarmu ta gida, ta amsa da wushe, ashe kakarta 'yar Machina ce. Muryar dai tata ce, sai dai a gajiye, ba irin ta waƙa ba. Haisam ya ajiye kaskonsa a tsakiyar falon. Na yi bayanin haɗi, na yi na Ya Kellu, sannan na ce, "Hajiya, kin kunna? Yaya kika ji?"

Shiru. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Can ta ce in yi haƙuri, ba ta kunna ba. Hayaƙi yana kama mata maƙogwaro, likita ya raba ta da shi tuntuni, in ta shaƙa sai ta yi mako ba murya. Kwalbar tana nan a rufe, ta ba wata gwaggonta.

Na kalli kaskona na gaske yana ta aikinsa a gefen ƙafata, ba mai jinsa sai masu gyaran waya.

Sai 'yar tsanarta ta tashi ta zagaya kaskon Haisam. Ta zagaya kuma. Ta tsaya a kansa ta buɗe hannuwa, yadda muke yi in muna turara jiki. Ta ce rabonta da ta tsaya a kan kasko tun tana yarinya. Usama ya karɓe zancen, ya ce wannan kaskon suke so, a sayar wa mutanen garin kowa ya sa a gidansa na can.

Ni kuwa na ga lokaci na tafiya, sai na saki haddata gaba ɗaya: suna ba ya fita, in an ƙi a fasa!

Sabuwa ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Hajiya Adawiyya, ai sunan nake so. Kaskon Ya Kellu, daga Sabuwa. Wa zai cire?"

Na ce to kwalaben fa? Ta ce ba za ta tallata abin da ba ta iya zama kusa da shi ba, mutane za su gane.

Na zo da shirin kare ƙofa, aka shigo ta taga. Sun ba mu lokaci mu yi shawara. Da muka fito 'yar tsanata ta faɗa cikin wani tafki, na bar ta a ciki.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na ci ne ko an ci ni? Baban Uwais ya ce in na gano in faɗa masa.

Laraba, 30 ga Yuli

Mun yi faɗa da Haisam ta waya, irin wanda rabonmu da shi tun muna yara.

Na ce sunan Ya Kellu a hanci yake. A unguwarmu in iska ta kaɗo, mata cewa suke Ya Kellu ta bi ta nan. Yanzu a ɗora shi a kan hayaƙin ƙarya, wanda ko sauro ba ya kora? Na faɗa, hayaƙin ƙarya, har sau biyu.

Ya ce, "Yaya, ni ma fa uwata ce."

Ya ce ni aka koya wa haɗi, shi korarsa ake yi, wai namiji ba ya taɓa farce. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallo. Ni na tafi da ƙamshin, shi abin da ya samu ke nan, yadda hayaƙin ke miƙewa siriri sannan ya karye in ta kaɗa gefen mayafi. Shi ya yi ta gyarawa har ya yi kama. Bai yi don Sabuwa ba, tun kafin ta yi shela yake abinsa, shi kaɗai yake shiga ɗakin ya zauna.

Ban san wannan ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin jin kunyar, sai na ce masa tuwo na kan wuta na kashe waya. Ko wuta ban hura ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na soya sabon haɗi, ya ƙone. Yaushe rabon da in ƙona turare.

Asabar, 9 ga Agusta

Ya kira ya ce suna jiran amsa. Na ce sunan ba nawa ba ne ni kaɗai, ya yi abin da ya ga dama. Ya ce wannan e ce ko a'a? Na ce ruwa na zuwa, kayana na waje.

Ya ɗauka e ce. Ni dai ban ce ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ya sa mini garin a wayata tun wancan makon, ban taɓa ba. Yau bayan la'asar ba mai saye, sai na ce bari in leƙa in ga ɓarnar da aka yi. Leƙe kawai.

Sun buɗe shagon a jikin gidan Sabuwa. Sunan yana sama da manyan baƙaƙe, sun rubuta shi daidai. Mutane cike, masu kan mutum da masu kan dabba. Wasu suna tsayawa a kan kaskon suna buɗe hannuwa, sun koya daga Sabuwa. Wata ta tambayi ta kusa da ita wace ce Ya Kellu, ta ce ba ta sani ba, wataƙila wata sarauniya ce ta da. Na buɗe baki na ce mahaifiyata ce, 'yar Nguru ce, kuma ba a tsayawa haka, sai an tattare zani. Suka taru a kaina. Na daɗe ina bayani, har na manta da shanyata.

Hayaƙin ya yi yawa. Sun sa Haisam ya ƙara don a hango daga titi, ya koma kamar na mai gasa masara. Ya Kellu ba ta cika garwashi haka. Na kira shi na ce ya rage, ya mayar da shi yadda yake a ɗakinsa, wancan ne daidai. Ya ce, "Wancan ne daidai, Yaya?" Na ce kar ya ja ni da surutu.

Ba wai na yarda ba ne. Abin har yanzu ba ya shiga kaina. Kafin in fito dai na tsayar da 'yar tsanata a kan kaskon, don in gwada ko ta iya. Ta iya, ko bango ba ta buga ba.

Baban Uwais ya shigo ya tarar na ajiye wayar ina shinshina gefen mayafina. Ya ce lafiya? Na ce mura ce.