Shirun da Na Yi a Bakin Tekun Iskandariyya

Unguwar Faisal, Alƙahira.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara wa Baba ƙarfi, ya bar mana ku. Mu nan jikinmu lafiya lau, jariri ya fara haƙori, maigidana Malam kuma yana ta fama da rubutun digirinsa. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ki, don na san halina: da na ji muryarki zan ce ba komai, kamar yadda kika koya mini. Hawwa ƙanwata, ke ce za ki karanta mata, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya don kin ga ya yi zafi.

Inna, raina a ɓace yake, kuma a cikin waɗanda suka ɓata shi har da ke. Kin san Yaya Kulu, yayar Malam, ta zo mana daga Funtuwa ita da mijinta Alhaji Lawal, a duba masa ido su kuma ga gari. Na yi murna, na yi girki kamar ana biki. Amma tun ranar da suka sauka na koma 'yar Malumfashi sak. 'Yata ta farin nan, mai shekara biyar, idan mu kaɗai ne ina kiran sunanta, ina yi mata kitso tana kwance a cinyata, don a hawa na shida a Faisal ban ga wanda zan ji wa kunya ba. Da dangin ubanta suka shigo sai na kame. Na daina kiran sunanta, na daina kallonta, in ta matso in ce ta je wurin gwaggonta. Ita kuwa a nan aka haife ta, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a garinmu uwa tana kawar da kai daga ɗan fari.

Ranar farko muka kai su fadar Manyal, gidan wani tsohon yarima a tsakiyar kogin Nilu. Yaya Kulu ta yi ta shafa bango tana salati, wai ko makewayinsu ya fi falon mai kuɗin Funtuwa. Akwai wani dogon ɗaki da aka jera kawunan namun daji a bango. Yarinyar ta tsorata, ta rugo ta cafke hijabina. Na ga Yaya Kulu tana kallona, sai na ɓamɓare 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Yaya Kulu ta ɗauke ta ta rungume, tana yaba mini, wai shekara bakwai a cikin Larabawa ba su ɓata mini tarbiyya ba. Wallahi, Inna, har daɗi na ji, abin da ke ƙona mini rai yanzu ke nan.

Kwana biyu bayan haka maƙwabciyata Dalia, Kiristar nan da ta zauna da ni a asibiti ranar haihuwar jariri, ta raka mu tsohuwar Alƙahira mu ga cocinsu mai dogon tarihi, wanda aka gina a kan ƙofar ganuwa. Alhaji Lawal ya ce shi idonsa ba zai iya matakala ba, ya wuce masallacin da ke kusa, mu muka hau. A tsakiyar matakalar yarinyar ta yi tuntuɓe ta kurje gwiwa har jini, ta ɗago tana kiran Mama. Ni kuwa na tsaya ina kallon rufi kamar an aiko ni ƙirga itatuwansa. Dalia ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na sami taɓin hankali. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce to ita yarinyar wa ya yi mata wannan bayanin?

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya. Mun ci soyayyen kifi, mun zaga tsohuwar ganuwar nan da ke bakin teku, iska tana neman kwashe wa Alhaji hula. Da muka gaji muka zauna a kan dakali, yarinyar tana cinyar gwaggonta. Nan Yaya Kulu ta soma: wai gidanta ya yi shiru tun da ta aurar da autarta, wai Hausar yarinyar ta fara tsami, komai sai Larabci, yalla da khalas. Sannan ta ce a ba ta ita ta tafi da ita gida ta riƙe. Malam ya yi murmushi ya ce, “Ai taki ce, Yaya.” Duk suka juyo suna dubana. Me uwar kirki take yi idan ana zancen 'yarta ta fari a gaban dangin miji? Na sunkuyar da kai na yi shiru. Alhaji Lawal ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha, ni ma na shafa.

Na ɗauka irin maganar nan ce ta fatar baki da ake yi a wuce. Sai jiya da na raka Yaya Kulu kasuwar Ataba sayen tsaraba, na ga ta ɗauki ƙaramin akwati mai ruwan hoda, ta ce na sabuwar 'yarta ne, kuma in fito mata da fasfon yarinyar a yanki tikiti, ranar Alhamis za su tashi. Da muka dawo na tsare Malam a ɗaki. Abin haushi, shi ma bai so ba. Wai ya faɗa ne yana jiran ni in kawo uzuri, ni kuma ina jiran shi. Yanzu ya ce ba zai iya kallon idon yayar da ta yi masa goyo ya ce ya fasa ba. Mutum mai tsayawa gaban manyan shehunai yana kare hujja, ga shi ya kasa kare 'yarsa a gaban mace ɗaya. Ban gama da wannan ba Yaya Kulu ta gaya mini ai ta kira ki, kin ce Allah ya sa albarka, Rukayya ba za ta ce komai ba.

Ta yaya kika san ba zan ce komai ba, Inna? Don ke ba ki ce ba? Ina shekara huɗu aka ba da ni riƙo, aka sa ni a motar Zariya da tawa Gwaggon. Na tuna kina surfe a tsakar gida, ina ihu, ba ki ɗago ba. Na shekara goma sha ɗaya ina zaton ba kya so na. Sai da na haihu na gane taɓaryar nan kika riƙe don kada ki faɗi. Mutane sun yaba miki kara, amma ni ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana. Shekaranjiya ina wanke wa yarinyar kai ta ce mini, “Mama, in na daina laifi za ki fasa ba da ni?” Ban san laifin da take nufi ba, ita ma ba ta sani ba.

To ga abin da na yanke. Fasfon yana hannun Dalia, ta kulle a durowarta. Gobe da safe zan durƙusa gaban Yaya Kulu da ladabi in ce mata ban yarda ba. Na san labari zai riga ta isa gida, za a ce Masar ta cinye mini kunya, za a zo har ɗakinki a yi miki jaje. Ba na roƙon ki tare mini faɗa. Abu ɗaya nake so: idan ta sake kiran ki, kada ki amsa da yawuna.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, da ƙanena Lawali da iyalinsa, da Gwaggo ta Zariya, wadda ta riƙe ni tsakani da Allah kuma ba na mance mata. Hawwa, na gode, sauran layi kaɗan, ki daure. Jikarki tana gaishe ki, Inna. Sunanta Mariam, ina son ta, kuma a ɗakina za ta girma. Ga shi na faɗa a gabanki.

Ni ce 'yarki ta fari, mai jiran ranar da za ta ji sunanta a bakinki,
Rukayya.