Auta ta gyara min tebur

Litinin, 3 ga Maris
Minti ashirin kacal na yi a waje, na dawo na tarar Auta ta gama da ni. Teburin aikina fes. Agogon da wani tsohon direba ya kawo gyara na kwance da safe, na jera kayan cikinsa daga hagu zuwa dama yadda na ciro su, don in zan haɗa in biyo daga dama. Ta kwashe kaf. Sukurori a kwalba ɗaya, masu haƙora a wata. Har da murmushinta: "Baba, tidy kawai na yi maka." Raina ya ɓaci, ko abinci ban ci ba.

Talata, 4 ga Maris
Na ce mece ce tidy ɗin? Malamar Turanci an samu ɗalibi. Wai ba shara ba ce, ba wanki ba, mayar da kowane abu mazauninsa ne, ko ɗaki ko tebur ko gashin kai. Na ce to wa ya ce miki ba a mazauninsu suke ba?

Laraba, 5 ga Maris
Direba ya leƙo. Agogon marigayi mahaifinsa ne, ran Asabar zai ba ɗansa da zai yi tafiya. Na ce an kusa. Ƙarya nake.

Alhamis, 6 ga Maris
Sau huɗu ina haɗawa, sau huɗu abu na ragowa. A da ko ido a rufe. Shekara biyu ke nan kaina ba ya riƙewa, jerin nan shi ke tuna min. Ba wanda ya sani. Yarinyar nan, yarinyar nan!

Juma'a, 7 ga Maris
Auta ta zo, wai in faɗa mata yadda kayan agogon suke a jere ta mayar. Na buɗe baki, jerin ya ɓace min. Ta dube ni, ta gane. Na so ta yi magana in samu dalilin yi mata faɗa, ta ƙi. Ta ja kujera, tana miƙo min ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa, har yamma.

Asabar, 8 ga Maris
Agogo na tafiya, direba ya karɓa. Ban huce ba, kada ta ɗauka na huce. Na dai ce in ta taso makaranta ta riƙa zama tana rubuta abin da na ciro, bi da bi. Ba don komai ba, rubutunta ya fi nawa kyau.