Ba Zan Nemi Gafara Kan Abin Da Kunnena Ya Ji Ba

Zuwa ga Malam Habibu, shugaban ƙungiyar masoyan gwaninmu mai kiɗan fim, reshen Sabha, da 'yan kwamitinsa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya haƙuri da zaman ƙasar mutane? Allah ya sa mu gama da ita lafiya.

Ni ne Lawali mai aski na unguwar Manshiya, mutumin Tasawa, mai shago kusa da garejin masu gyaran kamyo, manyan motocin kaya. Na faɗi haka ne saboda masu karatu, don kai ka san ni sarai. Kai ka tarbe ni ranar da na sauko daga motar Agadas, a ɗakinka na yi kwanana na farko a garin nan, shi ya sa har gobe Yaya nake ce maka. Na rubuta a fili ne domin a fili kuka yanke mini hukunci, kuma duk kiran da na yi maka ba ka ɗauka ba.

Na farko, abin da na faɗa. Kowa ya san a shagona aka kafa ƙungiyar nan. Ni na manna hoton gwani a saman madubi tun lokacin da rabinku ba su san cewa wani ke haɗa kiɗan fim, wani kuma ke rera waƙar ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shago ya cika, muna kallon sabon fim ɗin da ya yi wa kiɗa. Aka zo wurin da uwar jarumin ta rasu. Ana ɗauke da makara za a kai ta, sai ga kiɗa mai zafi irin wanda ake cashewa da shi a gidan biki. Ina cikin yi wa wani aski na ce, "Kai, a nan kam gwani ya yi tuntuɓe. Ana makoki shi yana kiɗan kamu. Da ya bar wurin shiru ma da ya fi." Iyakar sukar da na yi ke nan. Ban zagi kowa ba, kuma ko yau aka sake kunna mini wurin, abin da zan faɗa ke nan.

Na biyu, abin da kuka yi. Nasiru, sakatarenku, ya ɗauki maganar a waya ban sani ba. Ya yanke yabon da na yi wa sauran kiɗan fim ɗin, ya tura guntun da yake so cikin zauren ƙungiya na waya, ya rubuta a ƙasa wai ga maƙiyin gwani. Kafin la'asar an cire ni daga zauren. Washegari samarinku suka zo suka yage hoton da ke saman madubina, wai ban cancanci ya zauna a shagona ba. Aka hana 'yan ƙungiya zuwa aski wurina. Aka ce masoyan wani sabon makaɗi da ke tashe ne suka saye ni, alhali ko sunansa ban riƙe daidai ba. Muryar nan ta tsallake sahara ta isa Tasawa, har matata ta kira ni hankali tashe tana cewa, "Malam, wane babban mutum ne aka ce ka zaga a Libiya?" Duk wannan na shanye, don ban ɗauke shi abin da zai hana ni barci ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yaya Habibu, ka fi ni sanin cewa zauren nan ba na kiɗa kaɗai ba ne. A nan ake sanar da inda ake neman leburori, da bawaba, wato shingen hanya, inda 'yan sanda suka tsananta bincike, da wanda ya kwanta ciwo, da wanda ya rasu. Wanda kuka cire daga ciki, kun cire shi ne daga cikin 'yan uwansa a ƙasar da ba shi da kowa.

Ƙanena Isuhu ya faɗo daga saman gini a wani shantiye, wurin aikin gini da ke hanyar Samnu. Ƙashin cinyarsa ya karye, ƙarfe ya yanke shi, jini ya zuba sosai. A asibiti aka ce a nemo masu ba da jini da gaggawa. Aka ɗebi nawa, aka ce bai isa ba. Na kira ka, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na kira Nasiru na roƙe shi don Allah ya sa sanarwa a zaure. Amsar da ya ba ni ita ce, "Ka fara yin bidiyo ka nemi gafarar gwani da masoyansa, sai mu duba." Ina tsaye a bakin ɗakin da ƙanena ke kwance, rigata duk jininsa.

Wani direba Balibiye da ke zuwa aski wurina, mai Hausar kasuwa, shi ya zo ya miƙa hannunsa, ya kuma ɗauko wani mai shayi Bakano a motarsa, shi ma ya ba da jini. Daga baya mutum biyu daga cikin ƙungiyarku suka zo, Allah ya saka musu da alheri. Amma ka san abin da suka roƙe ni kafin su tafi? Wai kada in faɗa wa kowa sun zo, kada su ma a cire su. Mutum ya ba da jininsa don ceton rai, sannan ya fita yana waige-waige kamar wanda ya yi sata. Ga inda ka kai ƙungiyar nan. Isuhu ya rayu, alhamdu lillahi, amma da sanda yake tafiya, kuma aikin gini ya ƙare masa. Kuma don ka sani, har yau kiɗan gwani ne a wayarsa, shi yake ji yana kwance.

Na huɗu, gaskiyar da ba ku son ji. Ni na san abin da ke damunku, don ni ma yana damuna. A garin nan ba mu da suna, "kai, zo nan" ake ce mana. Mutum ya wuni a mazra'a, gonar wani, yana ban ruwa, ko a rana yana ɗaukar bulo, in ya dawo ya kunna kiɗan gwani sai ya ji kamar yana ƙofar gidansu. Shi ya sa in aka taɓa kiɗan muke jin kamar mu aka taɓa. Amma abin da kuke yi yanzu tsoro ne, ba so ba. Tun da sabon makaɗin nan ya fara tashe, kullum kuna kan waya kuna leƙa wa aka fi saurara, kuna faɗa da mutanen da ba ku taɓa gani ba. Mai tabbacin zinariyarsa ba ya gudun a gwada ta. Kai kanka, Yaya, a ranar nan ta Juma'a kana zaune kan benci kusa da ƙofa, na ga lokacin da ka girgiza kai da aka saki kiɗan. Ka ji abin da na ji. Bambancinmu kawai ni na buɗe baki. Shi kuwa gwanin, yana can ɗakin haɗa kiɗansa bai san da ni ko kai ba, kuma ban yi zaton zai so a hana mutum jini da sunansa ba.

Ga buƙatuna. Ku saki cikakkiyar maganar da Nasiru ya ɗauka, kowa ya ji ya yi wa kansa alƙalanci. Ku raba sanarwar ciwo da aiki da mutuwa daga rigimar kiɗa, ta zama ta kowane baƙo, ko wane makaɗi yake so, ko ba ya son kowa. Nasiru kuma ya zo ya kalli idon Isuhu ya ba shi haƙuri, ni ba na buƙatar nasa. Bidiyon da kuke jira kuwa, ku daina jira, ba zan yi ba. Ba kuma roƙon a maida ni zaure nake yi ba. Zan ci gaba da sauraron gwani, in ya yi daɗi in yaba, in ya yi tuntuɓe in faɗa, a cikin shagona da ƙofa a buɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar riƙe shugabanci da adalci, ya kare ka da ranar da za ka kira 'yan uwa wayarka ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Allah ya maida kowannenmu gida da ƙafafunsa.

Isuhu zai bi motar Agadas ranar Asabar da safe. Mai son yi masa ban kwana ya zo tasha, ba sai ya gaishe ni ba.

Wassalam.

Naka,
Lawali mai aski, Manshiya, Sabha.